Hutun Sanata

Gara in faɗa muku tun yanzu, abin nan bai ƙare da kyau ba. Ranar da na hango Kawu Tsegba yana shigowa gidana da igiya a kafaɗa, kamata ya yi in tare shi tun a bakin hanya. Ban tare shi ba. Kujera ma na jawo masa.

Sunana Iorkyaa. Ina noman doya, ina kiwon aladu, a wani ƙauye kusa da Adikpo. Karatuna ya tsaya a aji biyu na sakandare. 'Ya'ya biyu suka rage mini a duniya. Babban ya tafi Legas shekara shida ke nan, bai sake tako gidan nan ba. Ƙaramar, Nguveren, ta yi karatun kiwon dabbobi a Makurɗi, ta dawo ta zauna shekara guda ba aiki. Wata ƙawarta da ke aiki a babbar gonar aladu can bayan Legas kullum sai ta kira ta, wai ta taho akwai gurbi. Ni kuwa na san hanyar nan. Wanda ya bi ta daga gidana bai dawo ba. Ba na son ta ci mini na biyu.

Ina da namijin alade, fari, dogo, kunnuwa kamar faifai. Sanata ake ce masa, saboda ci da barci. Shi ke hawan matan aladun rabin ƙauyenmu. Mai bukata ya zo da igiyarsa ya ja shi, in an haihu ya kawo mini ɗa guda. Ba a hana kowa, haka muka tarar ana yi. Da farko in Sanata ya hau, sai ka ga 'ya'ya goma sha ɗaya, goma sha biyu. Sannu a hankali aka koma huɗu, aka koma uku. Daga baya ma sai uwar alade ta sake neman namiji bayan sati uku, kamar ba a taɓa kai mata kowa ba.

Maganar ta kai gaban ƙungiyarmu ta masu aladu, wadda ke zama a gindin mangwaro bayan an tashi coci. Shugabanmu Ciyaman Orkuma ne, tsohon masinja, mai yawo da jakar ofis wadda ba komai cikinta sai goro da tsinken sakace. A ranar ya zo da labari. Wai wani shirin noma zai ɗauki mutum ɗaya daga yankinmu ya riƙa kula da mazan aladu na ƙauyuka biyar, da albashi, da babur. Ƙungiya ce za ta ba da suna bayan Ista.

Da jin babur, kowa ya zama masani. Wani ya ce Sanata baki ne ya kama shi. Wani ya ce mace ce ta tsallake igiyarsa. Kawu Tsegba, ƙanen mahaifiyata, mutumin da bai taɓa wanke ɗakin alade da hannunsa ba, ya gyara zama ya ce, "Jininsa ne ya yi sanyi. Ku ba ni shi kwana uku, in hura masa wuta."

Sai Nguveren ta miƙe daga bayan mata.

"Iyayena, ku gafarce ni. A cikinku wa ya taɓa duba maniyyinsa?"

Aka kece da dariya. Ciyaman har da share hawaye.

"Iorkyaa, abin da ka sayar da doya ka tura ta ta koyo ke nan? Leƙen aladu?"

"Ba leƙe ba ne, Ciyaman," in ji ta. "A cikin ruwan nan akwai ƙwayoyi masu wutsiya. Sai sun yi iyo sun kai inda za su, kafin ciki ya shiga. In ba sa motsi, ko sau ɗari ya hau, wahalar banza ce. Ku ba ni shi sati takwas, kada kowa ya taɓa shi."

"Sati takwas!" in ji Kawu. "Matan kuma su yi azumi?"

Ciyaman yana son a ce shi mai adalci ne. Ya buga jakarsa ya ce, "To, Likita, mun ji. Taron bayan Ista ki kawo mana abin da za mu gani da ido. In kin tashe shi, sunanki za mu aika. In kin kasa, ga manya nan."

Ya ce manya yana kallon Kawu Tsegba.

Washegari ta tafi Makurɗi ta aro madubin likita wurin wata tsohuwar malamarta, irin wanda ake juya masa ɗan gilashi ya kamo hasken rana. Ta sa na sassaƙa benci, muka lulluɓe shi da buhu, ta shafa masa warin uwar alade mai neman namiji. Sanata, shashasha, ya hau benci ba ko tambaya. Ta sa safar hannu ta tari maniyyin a filas ɗin shayin mahaifiyarta, don kada sanyi ya buge shi.

Mbateren, matata, ta fito daga madafa ta ga filas ɗinta. "Nguveren! Wanda ƙungiyar mata ta ba ni? Wayyo ni, a cikinsa nake kai wa Fadan cocinmu shayi!"

"Zan wanke, Mama."

"Ki wanke ki sha ke kaɗai. Kai kuma ka tsaya kana riƙe mata benci, da furfurarka."

Nguveren ta ɗiga digo ɗaya a kan gilashi, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baba, zo ka gani."

Na rufe ido ɗaya na leƙa. Da farko fari kawai nake gani. Ta murɗa wani abu, sai ga su. Kamar talibambam a kududdufin da ya kusa ƙafewa. Yawancinsu a kwance. Wasu na karkaɗa wutsiya a wuri ɗaya, wasu na zagaye kamar mashayi mai neman ƙofar gidansa. Nan da can ɗaya zai wuce a miƙe.

"A cikin goma, uku ne ke tafiya," in ji ta. "Ana son bakwai."

"Me ya kashe sauran?"

Ta nuna ɗakin Sanata. Ɗakin da nake alfahari da shi, wanda na rufa wa kwano sabo fil don mutane su san na samu.

"Wannan tanda ce, Baba. Alade ba ya gumi. In marainansa suka yi zafi, ƙwayoyin da ke ciki sun lalace. Ga shi ana jan sa da tsakar rana gida-gida, yau nan gobe can, ba hutu. Ga dusar burukutu da ɓawon rogo mai furfura da kake ɗura masa. Dube shi, ƙiba har ta rufe masa ido."

Na ji kunya, don ƙibar nan ita nake nuna wa baƙi.

Muka cire kwanon muka yi jinka. Muka haƙa masa rami a inuwar mangwaro, kullum a cika da ruwa ya kwanta a taɓo. Da safe da rana ina kwara masa bokiti biyu. Ta hana dusar burukutu. Ta haɗa masa masara da soyayyen waken suya da garin zogale da ɗan gishiri, da wani garin bitamin da ta sayo a Gboko, ta kuma rage mudun. Sanata ya yi kwana huɗu yana ihu kamar ana yanka shi. Sau ɗaya a sati, da sassafe, take ɗauka ta duba. Ta ce ƙwayar da aka fara ginawa yau ba ta nuna sai bayan sati shida ko bakwai, don haka kada in sa ran ganin komai da wuri.

Masu igiya suka yi ta zuwa, ina mayar da su. Ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Maƙwabcina ya daina gaishe ni. A wurin shan burukutu, in na wuce, sai wani ya ɗaga murya: "Ina kwanan mai wankan Sanata? Yau da sabulu ne ko da soso?" Mutanen da 'ya'yansu ke kwana da ƙaiƙayi, su ne ke yi mini dariyar wanka. Na haɗiye. Duk wanda na mayar, sai in ji kamar na ƙara wa 'yata kwana ɗaya a gida.

Sati na uku, uku a cikin goma. Sati na huɗu, huɗu. Na daina cin abinci sosai.

Ranar Asabar ta sati na shida ta kira ni. Na leƙa. Wallahi kamar tukunya na tafasa. Ko ta ina gudu suke, a miƙe, suna ture juna. Na ɗago na sake leƙawa don kada idona ne.

"Bakwai, Baba. Wataƙila ma takwas."

Na ce mu kira Ciyaman yanzu-yanzu. Ta ce a'a, a bari ya zauna da gindinsa, ranar taro kowa ya gani a lokaci guda. Da na san abin da ke tafe, da na ɗauko mutumin nan a kafaɗa na kawo shi. Mu biyu kaɗai muka ga abin nan. Mbateren ta ce ita ba za ta sa idonta a wannan ƙazanta ba.

A sati na bakwai, tsakiyar Maris, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, Nguveren ta tafi Makurɗi karɓar takardar shaidar karatunta. Kwana uku za ta yi. Ta tafi ranar Litinin da safe. Kafin azahar ga Kawu Tsegba da igiya.

Aka kawo masa ruwa, aka kawo sakwara da miyar genger. Ya cinye tas, ya suɗe yatsu, ya yi gyatsa.

"Ɗan Ngohide," in ji shi. Da sunan mahaifiyata yake kirana in yana son abu. "Matan aladuna huɗu sun tashi neman namiji lokaci guda. Na zo ɗaukar ango."

"Kawu, ka yi haƙuri. Saura sati ɗaya da 'yan kwanaki. Yarinyar ta ce..."

"Yarinyar ta ce." Ya kalli rufin rumfa. "Yanzu a gidan nan yarinya ke cewa. To, madalla. Shekarar da aka ƙona ƙauyen nan, gidan wa ka gudu da matarka da goyo a baya?"

"Gidanka, Kawu."

"Wata nawa?"

"Biyar."

"Na ce maka saura sati ɗaya? Na ce maka yarinya ta ce?"

Na ƙara masa ruwa a kofi.

"Ba komai. Ka riƙe aladenka. Amma ka sani, ranar da ka kwanta dama, ba mai sa fartanya a ƙasa sai dangin uwarka sun zo sun zauna. In an aiko kiranmu, sai mu ce a jira sati takwas." Ya yi dariya shi kaɗai, haƙoransa uku na sama suna rawa.

Wanda ba namu ba zai ce ai magana ce kawai. Amma mutum ba ya hana dangin uwarsa abu. Su ne wurin gudunka in naka sun juya maka baya. In Kawu ya koma hannu wofi, kafin kasuwa ta ci labari ya zaga cewa Iorkyaa ya kori igiyar gidan uwarsa saboda alade. Mbateren na tsaye a ƙofar madafa tana girgiza mini kai. Na ga kan nata. Na kau da ido.

Na ce, "To, Kawu, ka bari rana ta yi sanyi. Kuma mace ɗaya kawai, ka dawo da shi gobe da asuba."

"Haba, ni za ka koya wa alade? Tun ba a haife ka ba nake cin naman su."

Ya ɗaura igiya ya ja shi a lokacin, rana a tsaka, mil huɗu a kan jan burji. Ina tsaye ina jin ihun Sanata har ya ɓace. Ni na buɗe ƙofar da hannuna, ba wanda ya tilasta ni.

Bai dawo da shi washegari ba. Na je da kaina ranar Laraba. Na tarar da shi ɗaure a gindin turke a fili, ba ko ganye a kansa, baki a buɗe, kumfa na zuba, cikinsa na bugawa kamar zugazugi. Kawu na zaune a inuwa da abokansa, da wata gora a gefensa. Giyar ogogoro ce aka jiƙa da namijin goro da citta da barkono. Safe da yamma suke danne dabbar su ɗura masa da kwalba.

"Ka ga aiki?" in ji Kawu. "Duka huɗun, kowace sau biyu. Wannan shi ne magani, ba wanka ba."

Na jira yamma na lallaɓo shi gida. Ya faɗa ramin ruwansa, kwana biyu bai ci komai ba.

Nguveren ta dawo ranar Alhamis da takardarta a cikin leda. Ba ta shiga ɗaki ba, wurin Sanata ta fara zuwa. Ta taɓa kunnensa, ta ga shatar igiya a ƙafarsa. Na faɗa mata komai, ban rage ba. Na so ta yi ihu. Ba ta yi ba.

"Baba, ka san abin da zai faru?"

"Zai warke, ko? Ai saura sati uku kafin taro."

"Abin da ya zuba wa matan Kawu, shi ne wanda na gina sati bakwai. Mai kyau ne. Za su ɗauka. Zafin da ya sha kuwa ba yau zai nuna ba, sai nan da sati biyu, ya kuma daɗe bai tafi ba. Ranar taro matan Kawu na da ciki, madubina kuma ba komai."

"Sai in gaya musu yadda aka yi."

Ta dube ni. "Kawu ma ka gaya masa ai."

Ta wuce ɗaki. Wannan maganar har yau tana nan a ƙirjina.

Yadda ta faɗa, haka aka yi, ba kuskure ko ɗaya. Ranar Lahadin bayan Ista aka taru a gindin mangwaro, har da waɗanda ba su da ko kaza. Kawu ya zo da sabuwar hula. Tun kafin a buɗe taro ya sanar: a cikin matansa huɗu, uku ba su sake neman namiji ba. An tura mutum biyu sun duba, sun tabbatar.

Nguveren ta ɗora madubinta a kan tebur, ta ɗiga abin da ta ɗauka da safen nan. Ta leƙa, ta ɗago, ta faɗi gaskiya. "Biyu ne a cikin goma."

"A farko nawa ne?" in ji Ciyaman.

"Uku."

"Wato an ci gaba ta baya ke nan."

Aka yi layi ana leƙawa. Manyan mutane, masu jikoki. Wani ya rufe idon da ya kamata ya buɗe, ya ce shi duhu yake gani. Ciyaman ya daɗe a sunkuye, ya ɗago da fuskar masana ya ce lalle ya ga wata babba baƙa tana motsi. Gashin idonsa ne. Waɗannan su ne alƙalan 'yata.

Ta yi musu bayani a hankali, yadda ake yi wa yara. Ta faɗi maganar zafi, da sati shida, da cewa cikin da matan Kawu suka ɗauka daga hutun ne da abincin. Ta roƙi a ƙara mata sati shida.

"Kun ji?" in ji Kawu. "In ya yi kyau nata ne, in ya lalace nawa ne. Jikata, wannan lissafin a Makurɗi ake koyar da shi?"

Na miƙe. Na ce na gani da idona a sati na shida, suna gudu kamar tukunya na tafasa, bakwai ko takwas.

"Wa kuma ya gani?" in ji Ciyaman.

"Ni da ita."

"To wa za ka yi wa shaida in ba 'yarka ba?"

Kawu ya ɗaga hannu. "Ɗan Ngohide, tambaya biyu. Kafin in ɗauke shi, wata uwar alade ta yi ciki a ƙauyen nan tun Kirsimeti?"

"A'a, Kawu. Amma ai ba a..."

"Da na ba shi gorata, sun yi ko ba su yi ba?"

"Sun yi."

"Zauna, Allah ya yi maka albarka."

Na zauna. Aka ɗaga hannu. Hannu uku ne suka tashi wa Nguveren: nawa, da na wata gwauruwa, da na wani kurma da bai san abin da ake zaɓa ba. Ciyaman ya aro biro, ya aro takarda, ya rubuta sunan Kawu Tsegba a matsayin mai kula da mazan aladu na ƙauyuka biyar.

Ranar Talata da safe Nguveren ta haɗa jakarta. Mahaifiyarta ta cusa mata garin rogo da lemo tana kuka. Ni na kasa cewa kada ta tafi, don ban ga da wane baki zan faɗa ba. Ta miƙo mini takarda da ta rubuta da manyan baƙaƙe: mudun abinci, lokutan ruwa, hawa sau biyu kawai a sati kuma da sassafe, mace a kawo ta nan, shi kada ya fita.

"In ka ga dama, Baba."

Na raka ta bakin titi. Motar Makurɗi ta tsaya, za ta mayar da madubin mutane, daga can ta wuce. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ta saba, ta shiga.

Yanzu babur ya iso. Kawu bai iya tuƙi ba, goya shi ake yi, gora a rataye a wuyansa, yana bi ƙauye-ƙauye yana ɗura wa dabbobin mutane ogogoro. Namijin aladen Ciyaman ya kwana biyu bai tashi ba, suka ce maganin ne ke ratsa shi. Sau biyu Kawu ya aiko a ba shi Sanata. Sau biyu na ce a'a, na kuma sa kwaɗo a ƙofar. Ashe kalmar ba ta da nauyin da na zata. Dangin uwata sun daina zuwa gidana, ban kuma mutu ba tukuna balle in ga ko za su zo.

Ina bin takardar layi-layi. Yau sati biyar ke nan. Sanata na ci, yana kwanciya a taɓonsa, ƙibar ta sauka. Amma ko ƙwayoyin sun tashi ko suna kwance, ban sani ba, don babu madubi a duk yankin nan. Ban sani ba ko Kawu ya zaɓi ranar da ba ta gida ne da gangan, ko kuwa wautarsa ce ta yi sa'a. Kuma in aka kawo mace ta haifi goma sha biyu, na aika wa Nguveren labari, ban san ko hakan zai dawo da ita ba.